Ranakun makokin ƙasa da abokan da ke riƙe mana su

Baban Walida:
Assalamu alaikum. Yau 11 ga watan Yuli, kuma ina da tambaya ga 'yan wannan zaure. Mutum nawa ne a cikinmu suka san abin da ya auku a rana irin ta yau a shekarar 1991? Jirgin alhazai ne ya tashi daga Jidda zai sauka a Sakkwato. Bai yi nisa ba wuta ta kama shi, matuƙan suka juya da nufin komawa filin jirgin, amma ya faɗi kafin ya kai. Mutum 261 ne a ciki, fasinjoji 247 da ma'aikata 14, ko ɗaya bai tsira ba. Tun safe nake duba kafafen labarai, ban ci karo da inda aka ambaci maganar ba.

Ba zargin kowa nake yi ba. Abin da nake so mu tattauna shi ne, idan ƙasa ta yi rashi irin wannan a yini guda, me ya kamata ta yi da ranar a shekarun da za su biyo baya? Idan kuma ƙasar ta manta, wa zai riƙe?

Nafisatu:
Wa alaikumus salam Baba. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Wallahi ban taɓa jin labarin nan ba sai yanzu. Bayan abin aka haife ni, kuma tun daga firamare har jami'a babu malamin da ya taɓa ambata mana shi. Na san hatsarin da ya ci Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido a 2006, saboda iyayena na yawan maganarsa, amma wannan kam a'a. Allah ya jiƙansu da rahama.

Injiniya Kabiru:
Amin. Nafisatu, ba ke kaɗai ba ce. Bari in ƙara bayani kaɗan, domin yadda abin ya faru shi kansa dalili ne na a riƙa tunawa.

Jirgin ƙirar DC-8 ne, kuma har yau babu hatsarin da ya fi wannan muni a tarihin irin wannan jirgi. Bincike ya nuna daga tayoyi matsalar ta fara. Akwai waɗanda iskarsu ba ta kai yadda ake buƙata ba, aka tashi da su a haka. Jirgin na cikin gudu a kan titin tashi sai biyu suka fashe, ƙarfen ya riƙa gurzar ƙasa har wuta ta kama. Matuƙan ba su san da wutar ba, suna tashi suka naɗe ƙafafun jirgin zuwa ciki kamar yadda aka saba, ashe wutar suka shigar inda wayoyi da bututun sarrafa jirgin suke. Cikin 'yan mintoci komai ya ƙwace.

Ku duba fa, iskar taya. Abin da mutum zai ce ƙaramin abu ne, a tafi, in an sauka a gyara. Shi ya sa ni a wurina tunawa da irin wannan rana tana da aiki, domin duk makanike da duk mai sa hannu a takardar tashin jirgi ya kamata ya san labarin. Kafin wannan ma akwai na 22 ga Janairun 1973 a Kano, shi ma alhazai ne daga Jidda, mutum 176 suka rasu. Wa ke ambatonsa yanzu?

Malam Habu:
Allah ya gafarta musu, ya sa aljanna ce makomarsu. Amma zan faɗi abin da ke raina, ko da ba zai yi wa wasu daɗi ba. Ban ga amfanin tono ciwon da Allah ya riga ya warkar ba. Waɗanda suka rasa iyaye a ranar sun girma, sun yi aure, sun haihu. Duk shekara a zo a sake nuna musu hoton tarkacen jirgi, a sake ƙirga musu gawawwaki, wa aka taimaka? Mamaci addu'a yake buƙata, addu'a kuwa ba ta jiran zagayowar rana. Darasin da Injiniya ya faɗa gaskiya ne, amma wurinsa makarantar koyon aikin jirgi.

Sannan mun ga yadda irin waɗannan taruka suke ƙarewa. A kafa rumfa, manya su zo su yi jawabi, a ɗauki hoto, a watse. Marayun na gefe ba wanda ya tambaye su yadda suke.

Baban Walida:
Malam Habu, na ji ka, kuma maganarka ta ƙarshe na yarda da ita ɗari bisa ɗari. Sai dai tunda ka ambaci waɗanda suka rasa iyaye a ranar, to ga ɗaya yana magana. Mahaifina yana cikin jirgin nan.

Ina makarantar kwana aka zo da labarin. Ba mu ga gawarsa ba, ba mu tsaya a kan kabarinsa ba. Abin da na fi tunawa a yinin shi ne yaron da ke kwana a gadon da ke saman nawa. Da aka ce in shirya za a kai ni gida, na kasa komai. Shi ya ninke min kayana ya zuba a akwatin ƙarfe. Na zauna zan sa takalmi hannuna na rawa, ya durƙusa ya ɗaure min igiyar. Bai ce min in yi haƙuri ba, bai ce komai ba, ya dai ɗauki akwatin a ka ya raka ni har bakin mota.

Tun daga nan, duk 11 ga Yuli sai na ji daga gare shi. Da farko wasiƙa ce, daga baya da wayar hannu ta zo ya koma kira. Aiki ya raba mu, wani lokaci mukan yi watanni ba mu gaisa ba, amma wannan rana ba ta taɓa wuce shi. Zai kira ya ce, "Na tuna da Baba yau," ya ambaci sunansa cikakke, ya yi masa addu'a. Daga nan sai ya ba ni labarin nan guda da yake ba ni kullum, na ranar da Baba ya zo ziyara makaranta ya ga madaurin agogonsa ya tsinke, ya zauna a kan dakali ya ɗinke masa da zare da allura. Na san labarin kalma bayan kalma, amma ban taɓa gajiya da shi ba, domin a duniya shi kaɗai ne wanda ba ɗan gidanmu ba da yake riƙe da wani abu na mahaifina.

Bara Allah ya yi masa rasuwa bayan jinya. Yau ce ranar farko da wayar ba ta shigo ba. Shi ya sa na zo nan na yi tambaya.

Malam Habu:
Subhanallah. Ɗan'uwa, ban san da mai ciwon nake magana ba. Allah ya jiƙan Baba, ya jiƙan amininka, ya haɗa ku a aljannar Firdausi.

Nafisatu:
Baba wallahi ka sa ni kuka. Allah ya jiƙansu duka biyun.

Maman Sadiq:
Baban Walida, sannu. Allah ya ba ka juriya. Abokin kuka ba a ɓoye masa mutuwa, ka yi daidai da ka faɗa mana.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma ina so in amsa wa Malam Habu da abin da nake gani a wurin aiki. Malam, da a ce shiru yana warkarwa, da mun huta. Akwai mutanen da za su zo mana da rashin barci, faɗuwar gaba, ciwon kai, rashin son abinci. A auna komai a ga lafiya lau. Sai ka zauna da mutum ka ja shi da hira, ka gano a irin wannan watan ya rasa ɗansa ko matarsa. Shi kansa wani lokaci bai haɗa abin biyu ba. Masu ilimin halayyar ɗan Adam sun daɗe da sanin wannan, cewa zagayowar lokacin rashi tana iya tayar da alhini ko bayan shekaru masu yawa. Wato ko an tuna masa ko ba a tuna masa ba, ranar za ta zo ta same shi. Bambancin kawai, za ta same shi shi kaɗai ne, ko akwai wanda ya sani.

Mutane da yawa suna tsoron ambaton sunan mamaci a gaban danginsa, wai kada su tayar musu da hankali. Ni kuwa abin da iyaye mata suka fi faɗa min shi ne, "Kowa ya daina kiran sunansa, kamar ban taɓa haifarsa ba."

Usman:
Allah ya jiƙan Baba. Maganar suna da Maman Sadiq ta yi ta tuna min da wani wuri da na taɓa ziyarta a New York, inda dogayen benayen nan biyu suke kafin harin 11 ga Satumban 2001. Yanzu manyan tafkuna biyu ne a gurbinsu, ruwa na gangarawa ciki, an zagaye bakinsu da tagulla an sassaƙa sunayen mutum 2,983, wato 2,977 na wannan rana da 6 na harin da aka kai wurin a 1993. Duk shekara dangi ke zuwa su karanto sunayen ɗaya bayan ɗaya, ana ɗaukar sa'o'i ana yi.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne yadda aka jera sunayen. Ba a bi tsarin haruffa ba. Iyalai aka tambaya, kusa da wa kuke so a sa sunan naku? Aka samu buƙatu sama da 1,200. Wannan ya ce a sa ɗana kusa da abokin aikinsa da suke zama tebur ɗaya, waccan ta ce a sa mijina kusa da amininsa. Ma'aikatan kashe gobara 343 da suka rasu an haɗa su rukuni-rukuni yadda suke fita aiki tare. Kuma idan ranar haihuwar mutum ta zagayo, ma'aikatan wurin kan soka farin fure a cikin harafin sunansa. Na ga guda da idona, furen na tsaye a kan sunan wata mata, mutane na wucewa suna rage sauri.

Akwai labarin wasu abokai biyu da ya shahara. Ed Beyea mutum ne da jikinsa ya shanye, a keken guragu yake, yana aiki a hawa na 27 na benen arewa. Abokinsa Abe Zelmanowitz lafiyarsa ƙalau, da ya so da ya sauka ya tsira. Ya ce ba zai bar shi ba, zai zauna da shi har masu ceto su zo. Ginin ya rufta da su tare. Ɗaya Kirista, ɗaya Bayahude.

Auwalu:
Yaya Usman, ban raina ran kowa ba, kuma abin da wannan bawan Allah ya yi wa abokinsa abin girmamawa ne. Amma duk lokacin da aka kawo misalin Amurka sai zuciyata ta yi nauyi. Bayan wannan hari an shiga Afghanistan a 2001, ba a fita ba sai 2021. An shiga Iraƙi a 2003. Fararen hular da suka mutu a waɗannan yaƙe-yaƙe sun ninka na New York sau da yawa. Ina tagullar da aka rubuta sunayensu? Su ma suna da aminai, su ma akwai wanda ya ƙi gudu ya bar ɗan'uwansa a ƙarƙashin gini. Sai ya zama kamar tunawa ma gata ce, mai ƙarfi ake tunawa da nasa.

Usman:
Gaskiya ka faɗa Auwalu, ba ni da ja. Amma ni abin da na ɗauko daga can shi ne su sun ɗauki nasu da daraja. Babu wanda ya hana mu rubuta sunayen namu. Ba sai da tagulla ba.

Malama Talatu:
Ina gaishe ku duka. Baban Walida, Allah ya ta'azantar da kai.

Ni malamar makaranta ce, kuma shekarar 2014 ba ta barin raina. A watan Fabrairu aka shiga kwalejin gwamnatin tarayya ta Buni Yadi da dare aka kashe yara maza 59. A daren 14 ga Afrilu aka kwashe 'yan mata 276 a Chibok, kuma da safiyar wannan ranar ce bam ya tashi a tashar Nyanya. Na Chibok duniya ta ji, har yau ana ambatonsa, ko da yake akwai waɗanda ba su dawo ba har yanzu. Amma yaran Buni Yadi fa? Ku gwada tambayar mutum goma a kan hanya. Ko a cikin namu ma, Auwalu, akwai wanda ake tunawa da wanda aka bari.

A makon da abin Chibok ya faru na kasa shiga aji. Ina kallon 'yan matan da ke gabana sai in ga kamar su ne. Wata abokiyar aikina Musulma, ni kuma Kirista, ita ta lura. Ba ta yi min dogon bayani ba. Ta ɗauki darussana ta haɗa da nata, in an tashi ta zauna da ni a ɗakin malamai har sai na ce mu tafi. Yanzu ba makaranta ɗaya muke ba, amma duk 14 ga Afrilu sai ta turo min saƙo. Tun daga lokacin, a wannan rana nakan ware minti biyar a aji in ba ɗalibaina labarin Buni Yadi da Chibok, ba tare da hotuna ko bayanin da zai firgita su ba. Nakan ce musu yara ne kamarku, suna da littattafai da abokan wasa, jarrabawa suke shirin yi.

Malam Habu:
Malama, wannan da kike yi ban ƙi shi ba. Abin da nake gudu shi ne a mayar da mutuwar mutane biki, ko kuma a mayar da ranar ta zama ta hura wutar gaba. Akwai masu tunawa don su yi addu'a, akwai masu tunawa don su ce wa yara ga waɗanda suka yi mana, kada ku yafe. Na biyun nan shi ke ba ni tsoro, kuma a ƙasa mai ƙabilu da addinai irin tamu ba abin wasa ba ne.

Malama Zainab:
Allah ya gafarta Malam, tsoronka yana kan hanya. Amma ina ganin a tarihin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, akwai abin da zai raba mana gardamar. Ya inganta cewa bayan shekara 8 da yaƙin Uhudu ya je ya yi wa shahidan addu'a, kamar mai bankwana da rayayyu da matattu. Bai manta da su ba. Kuma shekarar da ya rasa Nana Khadija da baffansa Abu Ɗalib har yau da shekarar baƙin ciki aka san ta.

Wanda ya fi dacewa da zancenmu shi ne abin da Nana A'isha ta ruwaito, cewa yana yawan ambaton Nana Khadija bayan rasuwarta, kuma idan ya yanka akuya yakan aika wa ƙawayenta. Ku duba wannan. Ta riga ta rasu, amma ƙawayenta ba su fita daga lissafinsa ba. Da 'yar'uwarta Halatu ta nemi izinin shigowa, ya ji muryarta ta yi kama da ta Khadija, sai da abin ya motsa shi. Wannan tunawa ce da babu gaba a cikinta, babu rumfa, babu jawabi. Ambaton mutum da alheri ne, da kula da waɗanda yake ƙauna.

Malam Habu:
Haka ne Malama, ruwayoyin nan sun inganta. A kan irin wannan ba ni da magana. Taron manya ne dai har yanzu ban gamsu da shi ba.

Injiniya Kabiru:
Malam, ko taron ma ya danganta da yadda aka yi shi. Dubi New Zealand bayan harin masallatan Christchurch na 15 ga Maris 2019, inda aka kashe mutum 51. Firaministar lokacin, Jacinda Ardern, ta ce ba za ta taɓa ambaton sunan maharin ba, sunayen waɗanda aka kashe ya kamata a riƙa faɗa. Juma'ar da ta biyo baya aka watsa kiran salla kai tsaye a rediyo da talabijin na ƙasar, aka yi shiru na minti biyu. Kuma cikin wata guda suka sauya dokar mallakar bindiga. Ruwanda ma duk 7 ga Afrilu suke fara makokin kisan ƙare dangi na 1994, kuma a wurin tunawa na Kigali kaɗai an binne sama da mutum 250,000. Idan hukuma ta tsaya da gaske, taro yana da ma'ana.

Hajiya Rabi:
Sai yanzu na samu na karanta duka. Baban Walida, Allah ya jiƙan mahaifinka da amininka.

Ina so in kawo wani da ban ji an ambata ba. Lokacin da nake karatu na zauna ɗaki ɗaya da wata 'yar Senegal. Watan Satumba na zuwa ƙarshe sai na ga ta canza, ba ta cin abinci sosai, da dare ina jin motsinta. Na tambaye ta sau ɗaya ta ce ba komai, sai na ƙyale ta, amma na daina fita in bar ta ita kaɗai. A daren 26 ga wata ta fito da wani ɗan hoto daga cikin littafinta, yarinya ce da kayan makaranta, gefen hoton duk ya lanƙwashe saboda yawan riƙewa. Ƙanwarta ce. Tana cikin jirgin ruwan Joola.

Ranar 26 ga Satumban 2002 jirgin ya taso daga Ziguinchor zai je Dakar, ya kife a teku daura da gaɓar Gambiya. An yi shi ne don ɗaukar mutum ɗari biyar da wani abu, amma ya ɗauko kusan 2,000. Alƙaluman hukuma sun ce mutum 1,863 suka rasu, 64 kacal suka tsira. Ya fi Titanic yawan mamata, amma kowa ya san Titanic, wannan kuwa ni kaina sai a bakinta na fara ji. Da yawa daga cikinsu ɗalibai ne masu komawa makaranta bayan hutu. Har yau ba a ɗago jirgin daga ƙarƙashin ruwa ba, kuma iyalan sun shafe sama da shekara 20 suna fafutuka kafin a buɗe gidan tunawa da su a Ziguinchor.

Abin da ta faɗa min a daren shi ne, a gida kowa na da nasa mamacin a jirgin, don haka ba ta iya kuka a gaban mahaifiyarta, sai dai ta rarrashe ta. Ni da ba abin da ya haɗa ni da jirgin, a gabana ta samu ta yi kukan. Wannan wani amfani ne na aboki da dangi ba sa iya yi, domin su ma a cikin ciwon suke. Yanzu kowa na ƙasarsa, Faransancina ya yi rauni, amma ranar 26 ga Satumba nakan kira ta in ambaci sunan yarinyar.

Auwalu:
Hajiya, ban taɓa jin wannan ba, kuma a Afirka ta Yamma ya faru. Allah ya jiƙansu.

Nafisatu:
Ina da tambaya ga iyayenmu a nan. Ina da ƙawa da ta rasa yayanta soja a bakin daga. Ina son in riƙa yi mata irin abin da aminin Baba yake yi, amma ina tsoron kada in faɗi abin da zai ƙara mata zafi. Me ake cewa?

Maman Sadiq:
'Yata, ba sai kin iya magana ba. Ki rubuta ranar a wayarki. Idan ta zo ki kira, ki ce kin tuna da shi, ki kira sunansa, ki yi masa addu'a. In kin san wani abin kirki da ya taɓa yi, komai ƙanƙantarsa, ki faɗa mata. Daga nan ki yi shiru ki saurara. In ta yi kuka kada ki yi saurin cewa ta daina. In kuma ta nuna ba ta son zancen a ranar, ki bi ta a haka, ku yi wata hirar, ta dai riga ta san kin sani.

Abin da zan ce ki guje wa shi ne "ai ya kamata a ce kin manta zuwa yanzu", da kuma kwatanta rashinta da na wani don ta ga nata da sauƙi. Sannan kada ki jira sai shekara ta zagayo. Kwanakin farko gida cike yake da mutane. Bayan wata biyu ko uku, lokacin da kowa ya koma harkarsa, a nan ne kaɗaici ke shigowa. Zumunci a ƙafa yake, in da hali ki je da kanki.

Baban Walida, kai kuma in ba za ka damu ba, amininka ya bar iyali?

Baban Walida:
Ya bar mata da yara, Maman Sadiq. Muna tare da su. Babbar 'yarsa na shirin shiga jami'a, ni nake bin mata maganar takardu. Ranar rasuwarsa tana rubuce a wurina, kuma ina da labaransa na makaranta da yaran ba su taɓa ji ba, ciki har da na igiyar takalmin nan. Zan ba su in sha Allahu.

Na gode muku duka. Malam Habu, kai ma na gode, domin ka faɗi abin da mahaifiyata take faɗa har ta koma ga Allah. Ita ba ta son a ambaci jirgin ko kaɗan, sai dai a ambaci mijinta. A gida ɗaya ma kowa da yadda yake ɗaukar abin.

Nafisatu:
Baba, ina da shawara in an yarda. Me zai hana mu buɗe takarda guda a nan, duk wanda ya rasa wani a irin waɗannan masifu ya rubuta sunansa, da ranar, da layi ɗaya a kan halinsa? Ni zan ɗauki nauyin tattarawa da tsarawa bisa kwanan wata, in ranar ta zo in sanar a yi addu'a.

Malama Talatu:
Shawara ce mai kyau, amma da sharaɗi. Kada kowa ya sa sunan da ba na gidansu ba sai ya tambayi iyalan. Akwai waɗanda ba sa so, musamman iyalan waɗanda aka sace, kuma haƙƙinsu ne. Kada kuma a sa hoton gawa ko na wurin da abin ya faru.

Malam Habu:
In haka ne ina ciki. A ƙara da cewa ba za a rubuta ƙabila ko addinin wanda ake zargi da kisan ba, sunan mamaci da alherinsa kawai. Ina da ɗalibina da ya rasu a harin Kano na 20 ga Janairun 2012, zan nemi izinin mahaifinsa.

Injiniya Kabiru:
Nafisatu, ki ware wuri daban na kwanan wata da adadin kowane hatsari, ni zan duba miki na jiragen sama kafin ki fitar, don kada a samu kuskure. Na 29 ga Oktoban 2006 da kika ambata, mutum 105 ne a jirgin, 96 suka rasu, 9 suka tsira.

Nafisatu:
To Injiniya, na rubuta. Zan tsara takardar a daren nan in turo wa Malama Talatu ta fara dubawa.